Yankan da Uwar Biyu Ta Ajiye

Da safiyar ranar da nake son ba da labarinta, Uwar Biyu ta buɗe shagonta tun mai burodin kusurwar layi bai gama jera kayansa ba. Da kafaɗa ta tura ƙofar, domin hannu ɗaya yana riƙe da 'yarta, ɗayan kuma yana riƙe da waya. Ta shimfiɗa wa yarinyar bargo a gefen teburin yanka, ta share guntayen zaren jiya, ta ɗiga wa keken ɗinki mai, ta taka shi ba zare don man ya ratsa. Duk wannan aikin kullum ne. Abin da ba ta saba yi ba shi ne wanda ya biyo baya: ta ɗauko kwanon ƙarfen da take zuba allurai da ƙananan tarkace, ta juye shi a aljihun tebur, ta kwantar da wayar a ciki, wai don ƙarar ta fi fita idan an kira.

Ni na koyar da ita a firamare, kuma tun da na ajiye alli nakan zauna a bencin shagonta da hantsi, ina zura mata zare a allura idan idona ya yarda. A ranar na zo da yadina, mai ɗigon fure a fuska ɗaya, wanda ta yi alkawarin yanka mini riga mai dogon hannu.

Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malama, kin ji kamar ta yi ƙara?"

Na ce, "Yanzu fa kika ajiye ta."

"Wataƙila a hankali ta yi."

Ta leƙa kwanon, ta dawo tana dariyar kanta. Kiran da take jira daga asibiti ne. An ɗibi jininta a farkon makon, nas ta ce za ta bugo da sakamakon a ranar nan kafin a tashi aiki. Idan jinin ya fito tsaf, an sallame ta ke nan daga wani dogon tsaro. Idan bai fito tsaf ba, za a sa ta a kan magani mai ƙarfi, irin wanda ake yi wa masu ciwon daji, kuma dole ta yaye 'yar da ke rarrafe a kan bargon nan.

Kafin in kai ga yadda aka zo nan, ya kamata a san irin telar da take. Kayan yara ne sana'arta, kuma duk layin an san ta da hali guda: ba ta yanka riga daidai jikin yaro. Takan auna, ta dubi tef, ta dubi yaron, sannan ta matsar da allin gaba da faɗin yatsu uku. Rarar yadin takan naɗe ta ta ɓoye cikin ɗinki da kalmasa, domin a kwance a saki idan yaro ya ƙara tsawo. Iyaye mata sukan yi ƙorafi ranar karɓa, su ce an ɗinka wa ɗansu buhu. Bayan shekara su dawo a kwance musu kalmasa suna sa mata albarka. Amsarta ba ta canzawa: ita ba ta taɓa ganin yaron da ya koma baya ba, don haka ba za ta yi masa rowar yadi ba.

Mijinta kafinta ne, rumfarsa tana tsallaken titi, daidai inda za ta hango shi idan ta ɗaga kai daga keke. Sun daɗe da aure kafin a sami ciki. Da aka samu kuwa, laulayin ya zo da ƙarfin da bai yi kama da na kowa ba; ko ƙanshin sabon yadi ta ji sai ta nemi bokiti. Cikin kuma ya riga watanninsa girma. Aka tura ta hoton ciki a wani ƙaramin asibiti, mai hoton ya daɗe yana goga na'urarsa, ya ce yana ganin jaka biyu, ɗaya da bugun zuciya sarai, ɗayar bai gane ta sosai ba tukuna, su dawo nan gaba a sake dubawa. Daga cikin wannan dogon bayani, kalma ɗaya ce ta iso gida da su: biyu.

Kafin rana ta faɗi layin ya raɗa mata Uwar Biyu. Kafinta ya rufe rumfa, ya kwaso katako, ya shiga ɗakin kwanansu ya ƙera gadon jarirai mai faɗin mutum biyu, da shinge a tsakiya, domin a cewarsa ba ya son faɗa tun daga shimfiɗa. Sai da ya buga ƙusa ta ƙarshe ya lura cewa gadon ya fi ƙofar ɗakin faɗi. Yana nan a ciki har yau, kuma idan sun tashi barin gidan haya, ko dai a bar wa mai gida gadon, ko a rushe masa bango.

Ita kuwa ta zaɓi yadi mafi laushi a shagon, ruwan ƙwai mai ɗan zanen tsuntsaye, ta ninka shi huɗu maimakon biyu, ta sa almakashi. Kowace riga ta fito biyu a yanka guda, kowane wando biyu, kowace hula biyu. Farin ciki ya sa allin ya matsa gaba fiye da yatsu ukun da ta saba. Kafinta ya ɗaga yanka ɗaya ya duba, ya ce, "Uwar Biyu, waɗannan 'ya'yan da tafiyarsu za su fito ne?" Ta ce ya je ya fara fitar da gadonsa kafin ya koya mata awo.

Ba ta kai ga ɗinka ko ɗaya ba jini ya fara ɗigo mata. Aka tura su babban asibiti, inda wata likita mai yawan haƙuri ta sake ɗaukar hoton, ta juyo da allon na'urar ta nuna musu. A gefe guda ga jaririya da hannuwanta da ƙafafunta, tana ta juyi. A ɗaya gefen babu kai, babu ƙafa, babu bugun zuciya, sai tarin ƙananan ƙwayoyi masu ruwa, cunkushe kamar ƙwan kwaɗi a bakin tafki. Likitar ta yi musu bayani dalla-dalla: ƙwai biyu ne suka kama, ɗaya ya zama mutum, ɗayan kuwa tun daga tushe bai ƙulla ɗa ba, mabiyiya ce kawai take ta tohuwa ba bisa ƙa'ida ba. Ta ce irin wannan cikin shi kaɗai ma ba kasafai ake ganinsa ba, balle a same shi kafaɗa da kafaɗa da ɗa mai rai.

Ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce akwai haɗarin zubar jini mai yawa, da hawan jini, da haihuwa kafin lokaci, kuma babu tabbacin jaririyar za ta kai. Wasu sukan zaɓi a wanke mahaifar gaba ɗaya, kuma ba laifi ba ne. Ta ƙara da cewa ko wace hanya suka bi, bayan an rabu da cikin sai an daɗe ana gwada jininta, domin wani lokaci ɓurɓushin wannan tsiro yakan maƙale ya ci gaba da yaɗuwa a jiki. Suka koma gida suka yi shawara, suka dawo suka ce za su riƙe cikin muddin likitar tana ganin ran uwar bai shiga hannun ƙaddara ba.

Tambayar da ta fi damun Uwar Biyu a lokacin ba ta magani ba ce. Ta taɓa ce mini, "Malama, in an ce ba ɗa ba ne, wa zan yi wa kuka? In kuma ban yi ba, me ya sa ƙirjina yake nauyi?" Abin da ta yi da hannunta shi ne ta raba yankan nan gida biyu. Rabi ta tafi da shi gadon asibiti, inda ta shafe watannin ƙarshe a kwance da kumburarrun ƙafafu. Ɗaya rabin ta zuba a kwalin takalma, ta ɗaure da tsumma, ta tura ƙarƙashin teburin yanka, ta ce kada wanda ya taɓa shi sai ranar da aka ce mata ta rabu da abin nan kwata-kwata.

Jininta ya hau a wata na bakwai, aka yi mata aiki aka ciro yarinyar, aka kwashe sauran. Jaririyar ta zo 'yar mitsitsiya, ta kwanta a kwalba na ɗan lokaci. Da Kafinta ya fara ganinta ya ce ai ba ta fi maɓallin riga ba, sunan kuwa ya bi ta. Har yau Maɓalli muke ce mata. Rabin yankan da ke hannun uwar ya yi wa jaririyar yawa ninki biyu, sai ta riƙa rage shi da ƙaramin almakashi tana ɗinkawa da allurar hannu a kan gado, tana zubar da rarar yadin da ba ta taɓa zubarwa ba a tarihin sana'arta. Ta ce wannan ya fi yankan tiyata yi mata zafi.

Bayan sun dawo gida, mutanen layi suka shiga jin nauyin sunan da suka ba ta. Wasu suka koma ce mata Tela, wasu Maman Maɓalli. Ita ta hana. Ta ce nauyin biyu ta ɗauka, aman biyu ta yi, gadon biyu ne ya toshe mata ɗaki, saboda haka ba wanda zai rage mata muƙami.

Gwajin jinin ya fara mako-mako, ya koma wata-wata. Abin da ake aunawa wani sinadari ne da jiki ke fitarwa lokacin ciki, wanda ya kamata ya sauka ya ɓace bayan haihuwa. Idan ya ƙi sauka, ko ya sake hawa, alama ce tsiron bai mutu ba. Nata ya yi ta sauka, sai a wani gwaji ya tsaya cak, likitar ta fara yi mata maganar magani mai ƙarfi da yaye. A gwaji na gaba ya ci gaba da sauka har ya ɓace. Daga nan aka ce sai ya zauna a ɓace na wasu watanni a jere, kuma kada ta sake ɗaukar ciki a tsakani. Jinin da aka ɗiba a farkon makon nan shi ne na ƙarshe a jerin.

Wannan ne ya sa wayar take cikin kwano.

Ta shimfiɗa yadina a tebur, ta auna ni tana waƙa ƙasa-ƙasa, ta manta awon kafaɗa ta sake. Tana cikin zana alli kwanon ya ɗauki ƙara kamar ana kaɗa ƙararrawar makaranta. Ta yi tsalle ta tsallake Maɓalli, ta ɗauka da hannu biyu. Surukarta ce.

"Sun kira?"

"Inna, ba su kira ba. Na ɗauka su ne."

"To, ajiye maza, kada su kira su ji kina magana. Wa ya ce ki tsaya hira?"

Ta ajiye, ta dube ni, muka yi dariya har Maɓalli ta taya mu ba tare da ta san dalili ba. Ba a jima ba kwanon ya sake ƙara. Wannan karon ta ɗauka a natse, ta gyara murya, ta yi sallama irin ta masu magana da hukuma. Sai na ga ta ɗaga kai ta dubi tsallaken titi. Kafinta yana tsaye a bakin rumfarsa, zarto a hammata, waya a kunne.

"Gwadawa nake yi in ji ko tana shiga," in ji shi. Muryarsa tana zuwa mana ta waya da ta iska a lokaci guda.

"Tana shiga, Maigida. Saura kai ka shiga rumfarka."

Bai shiga ba. Ya tsallako neman aron tef, alhali nasa yana rataye a wuyansa. Ya koma, ya dawo neman alli. A zuwa na uku bai ma nemi komai ba, ya zauna a ƙarshen bencina yana kakkaɓe garin katako daga gashin hannunsa, ya ce rana ta yi zafi a wancan gefen titin.

A cikin wannan shiga da fita ne ta yanka hannuwan rigata. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tela ya san cewa yadi mai fuska ɗaya sai an haɗa shi fuska da fuska kafin a yanka hannu, domin ɗaya ya fito na dama, ɗaya na hagu. Uwar Biyu, wadda ta koya wa 'yan mata da yawa wannan ƙa'ida, ta ɗora ƙyalle a kan ƙyalle duka suna kallon sama, idonta yana kan kwano, ta sa almakashi. Ta ɗaga su ta jera. Ta juya ɗaya, ta sake juyawa.

"Malama," ta ce, "hannun hagu nawa gare ki?"

"Ɗaya, a iya sanina."

"To, na yanka miki biyu."

Kafinta ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ta nuna shi da almakashi ta ce duk wanda gadonsa ya kasa fita ƙofa ba shi da bakin dariya a shagon nan. Ya ce shi bai ce komai ba, yana dai mamakin yadda komai nata sai ya fito biyu, kuma ɗaya ne kawai mai amfani. Maganar ta fita kafin ya auna ta. Na ga fuskarsa ta canza, ya buɗe baki zai gyara. Ita kuwa ta tsaya da hannuwan rigar a hannu, ta dube shi, sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda take sa mutum ya nemi abin dafawa. Ta dafa keke tana share hawaye, ba na iya cewa na dariyar ne kaɗai.

Ana cikin haka kwanon ya yi ƙara, kuma babu wanda ya motsa. Sai a ƙara ta uku ta miƙa hannu. Muka ji ta ce, "Ni ce." Ta ce, "Na'am." Ta juya mana baya tana kallon bango inda zarurruka suke jere. Ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Don Allah sake faɗa, 'yar'uwa, a hankali, mijina yana nan kuma ba ya gane magana sai an maimaita." Ta danna wayar ta ƙara murya, ta ɗora a tebur.

Muryar nas ta fito sarai. Ta ce jinin ya fito tsaf kamar na watannin baya, likita ta duba ta sa hannu, an sallame ta daga gwaji. Ta ce ta ci gaba da shayar da 'yarta, kuma duk ranar da ta sake samun ciki ta zo da wuri a duba, a kuma sake gwada jinin bayan haihuwa.

Kafinta ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya yi wa nas godiya har sau ba adadi bayan ta riga ta kashe wayar. Daga nan ya fita titi ba tare da ya san inda za shi ba, muka hango shi yana girgiza hannun mai burodi, yana girgiza hannun wani mai wucewa da bai taɓa gani ba. Uwar Biyu ta ɗauki Maɓalli ta ɗaga ta sama, ta zagaya teburin yanka da ita, ta zauna a ƙasa ta ba ta nono ko da yake yarinyar ba ta nema ba. Ta kira surukarta, wadda ta ce ita dama ta sani, ta kuma fashe da kuka.

Sauran yinin ba a yi aikin kirki ba. Duk wadda ta zo karɓar ɗinki sai ta zauna, shagon ya cika da mata da 'ya'yansu. Rigata dai ta tsira: da yake telar ba ta taɓa yanka yadi ba tare da ta bar rara ba, aka sami abin da ya isa hannun dama, sai dai gajere. Ta rage na hagun ya yi daidai da shi. Na zo neman riga mai dogon hannu, zan koma da mai gajere, kuma an gargaɗe ni kada in yi ƙorafi a ranar farin ciki.

Da la'asar ta yi sanyi, mutane suka watse, ta durƙusa ta jawo kwalin takalman daga ƙarƙashin tebur. Ƙura ta rufe shi. Ta kwance tsumman, ta fito da yankan ɗaya bayan ɗaya, ruwan ƙwai mai zanen tsuntsaye, da layin allinta har yanzu a jiki. Ta ce mini ta daɗe da yanke shawarar abin da za ta yi da su: za ta ɗinka su ta kai asibiti a ba duk jaririn da ya zo ba shi da kaya, domin Maɓalli ta wuce kayan jarirai.

Kafinta, wanda ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Jariri? Wane jariri ne zai cika wannan? Tun ranar na gaya miki."

Ta buɗe baki za ta mayar masa, sai ta tsaya. Ta ɗauki gaban riga ɗaya, ta kama Maɓalli da ke ƙoƙarin cin tef, ta kara yankan a ƙirjinta. Kafaɗa ta zauna a kan kafaɗa. Tsawon ya sauka har gwiwa, da ɗan abin kalmasa. Yarinyar da aka haifa ba ta fi tafin hannu biyu ba, sai yanzu ta iso awon da uwarta ta zana da alli tun ba a san fuskarta ba.

"Ka gani ko?" in ji ta. "Ba yawa ya yi ba. Jira yake yi."

Hulunan da ƙananan wandunan ta ware gefe, ta ce su ne na asibiti. Rigar kuwa ta ɗauke ta, ta zauna a keke, ta zaɓi zare ruwan ƙwai, na zura mata shi a allura tashin farko ba tare da na kuskure ba. Kafin ta haɗa hannuwan ta ɗaga su sama ta nuna wa mijinta, ɗaya na dama, ɗaya na hagu, ta ce ya shaida. Ta haɗa kafaɗu, ta ɗora hannuwa, ta rufe gefe da gefe, ta kalmashe ƙasan, ta naɗe 'yar rarar da ta saura ta ɓoye a ciki saboda gaba. Ta goge rigar, ta jira ta huce, ta zura wa Maɓalli ta kai. Yarinyar ta dubi tsuntsayen da ke cikinta, ta kama ɗaya ta kai baki.

Uwar Biyu ta ga wani zare yana lilo a wuyan rigar, ta sunkuya ta datse shi da haƙori. Sannan ta mayar da allurai cikin kwanonsu, ta lulluɓe keken.